Fuskar kakana a cikin gwangwanin madara

  Makon jiya mun tattauna yadda ake kare waya da lambar sirri, na ga saƙonninku kuma na gode. Na yi alkawarin ci gaba da wancan batu, to amma ku yi mini uzuri. Wani abu ya faru da ni a hutun da ya wuce, kuma gara in ba ku shi tun da zafinsa.

Ban taɓa ganin kakana na wajen uba ba, domin ya rasu kafin a haife ni. A ƙauyenmu da ke kusa da Gatawa akwai hotonsa guda ɗaya rataye a ɗakin kakarmu, sai dai tun ina ƙarami laima ta shiga tsakanin katin da gilashi ta cinye fuskar. Babbar riga kawai ake gani da hula, tsakaninsu kuwa wani tabo mai ruwan ƙasa. Daren da muka baro ƙauye saboda matsalar tsaro, babu wanda ya tuna da abin da ke rataye a bango. Daga baya muka ji cewa ɗakin ya faɗi da damina. Kakarmu kuwa adakarta kaɗai ta ce a ɗauko mata, ita ma sai da aka yi gardama saboda nauyi.

A wannan hutu ne ta sa ni in zazzage adakar in shanya kayan ciki. A can ƙasa, ƙarƙashin zannuwa, na ci karo da tsohon gwangwanin madara. Cikinsa akwai rasiɗan haraji, da wasu tsofaffin kwabbai, da ambulan mai ɗauke da wasu 'yan falle-falle na roba masu sheƙi, wasu baƙaƙe, wasu masu launin lemo.

"Mai gidana, mi kaka nema nan?" in ji ta. Haka take kirana, irin wasan kaka da jika.

Na ce, "Kaka, mene ne wannan?"

Ta ce, "Tarkacen kakanka na. Ni ban san amfaninai ba, na dai kasa yarwa."

Na ɗaga ɗaya sama wajen hasken ƙofa. Sai ga siffar mutum tsaye kusa da keke, amma fuskarsa fara fat, rigarsa baƙa wuluk, kamar wani abin tsoro a mafarki. A nan na gane cewa nagatif ne nake riƙe da shi. Da dare na ari wayar ƙanen babana na haɗa da tawa, na yi dabarar da zan koya muku a ƙasa. Da hoton ya juye ya fito sosai, na kai mata. Ta daɗe tana kallo ba ta ce uffan ba. Can ta kai yatsa kusa da kuncinsa ta ce, "Shi na. Wallahi shi na." Babana kuwa tashi ya yi ya fita waje, bai dawo ba sai bayan sallar isha'i.

Mene ne nagatif?

Yawancinku kun tashi kun tarar da hoto a waya ne, a danna a gani nan take. Iyayenmu ba haka suka yi ba. A zamaninsu ana sa fim a cikin kyamara, wato doguwar roba da aka shafe gefe ɗaya da wani sinadari mai azurfa a ciki, wanda haske ke yi wa tasiri. Duk inda haske ya bugi fim da yawa, idan aka wanke shi sai wurin ya yi baƙi. Inda haske ya yi kaɗan sai ya zauna garau. Shi ya sa farar riga take fitowa baƙa, baƙar fuska ta fito fara. Daga nan mai hoto ya shiga ɗakin duhu ya haska wannan fim a kan takarda ta musamman, komai ya sake juyawa ya koma daidai. Daga wannan aiki ne muka sami kalmar wankin hoto, wadda har yau muke faɗa ko da injin bugawa ne ya fitar da shi ba tare da ɗigon ruwa ba.

Ke nan nagatif shi ne uwa, hoton kati kuwa ɗa ne. Daga nagatif ɗaya ana iya fitar da kati ɗari. Sau da yawa ma nagatif ya fi katin riƙe ƙananan abubuwa, kamar zanen hula ko rubutun da ke jikin allon shago.

Fim ɗin da aka fi sani shi ne mai faɗin milimita 35, wanda ke ɗaukar hoto 24 ko 36, kowane hoto tsawonsa milimita 36, faɗinsa 24. Za ku gane shi da ƙananan huji a jere a gefe da gefe. Akwai kuma wanda ya fi shi girma, mai santimita 6 a kowane ɓangare, wanda masu shagon hoto na da suka yi aiki da shi sosai. Idan nagatif baƙi da toka-toka ne, hoton baƙi da fari ne. Idan yana da launin lemo, hoton mai kala ne.

Akwai ɗan'uwansa da ake kira silaid. Shi ba a juye yake ba, kalarsa daidai take, kuma ana saka shi cikin ɗan firam na kwali ko roba mai santimita 5 a kowane gefe, a haska shi a bango irin na majigi. An fi samun irinsa a makarantu, da ofisoshin malaman gona da na lafiya, da gidajen tsofaffin ma'aikata. Shahararren fim na silaid, Kodachrome, ya fito a 1935, kamfanin Kodak ya daina yin sa a 2009. Abin mamaki, a cikin wannan kamfani ne wani injiniya mai suna Steven Sasson ya haɗa kyamarar farko marar fim a 1975, wadda take ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya a kaset. Jikokin wannan kyamara su ne a aljihunmu yau, kuma su suka rufe yawancin ɗakunan duhu.

Abokan gabar tsohon hoto

A ƙasarmu hoto yana da maƙiya da yawa. Na farko zafi. A watan Afrilu zafin jihar Sakkwato yakan wuce digiri 40, ɗakin kwano kuwa ya fi haka. Zafi yana gaggauta lalacewar fim da dusashewar kala. Idan kun lura, hotunan bikin iyayenmu da yawa sun koma ja-ja. Dalili shi ne kala uku ce ake haɗawa a hoto, kuma ba lokaci ɗaya suke dusashewa ba, mai shuɗi-shuɗin takan riga tafiya ta bar jan.

Na biyu laima. Da damina funfuna takan kama fim ta ci sinadarin da hoton yake ciki, ta kuma manne katuna da juna. Mu da ke gefen gulbin Rima mun san abin da ambaliya ke yi wa ɗakin ƙasa da duk abin da ke ciki. Na uku gara da ɓera. Na huɗu ƙurar hunturu, wadda ke karce fim idan aka goge shi da ƙarfi.

Akwai kuma ciwon da ke fitowa daga cikin robar kanta. Yawancin tsofaffin fina-finan hoto idan suka fara ruɓewa sukan yi wani wari mai tsami, su lanƙwashe, su yi ƙwanji. Idan ka buɗe ambulan ka ji wannan wari, to ka ware waɗannan daban domin tururinsu yana cutar da na kusa, kuma su za ka fara ɗauka kafin sauran. Wannan ciwo ba ya warkewa, sai dai a rage masa gudu da sanyi da bushewa.

Garin neman gira

Yanzu bari in gaya muku wautar da na yi, don kada wani ya maimaita. A cikin falle-fallen masu launin lemo akwai ɗaya da na hango mace zaune riƙe da jariri. Kakarmu ta ce in dai ranar suna ce, to ita ce da babana. Amma fim ɗin yana da wasu farare-fararen tabo na funfuna. Sai na ce bari in tsabtace shi tukuna don ya fito da kyau. Na jiƙa gefen rigata da ruwa na goga. Gogawa ɗaya, hoton ya biyo rigar kamar jiƙaƙƙen alli. Abin da ya rage a hannuna roba ce garau. Hoton kakata tana yarinya, wanda ya tsira daga gara, ya tsira daga gudun hijira, ya yi shekara arba'in da wani abu a gwangwani, ni na kashe shi cikin daƙiƙa biyu. Garin neman gira na rasa ido.

Ita ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Bari, mai gidana, ai ga ni kana gani." Wannan magana ta fi bulala zafi.

Don haka doka ta farko ita ce: ka ɗauka kafin ka gyara. Ko da datti, ko da tabo, ka fara ɗaukar hotonsa yadda yake. Doka ta biyu: ruwa, yawu, turare, kananzir, babu wanda zai taɓa fim. Ƙura kawai za ka iya kaɗewa da buroshi mai taushi ƙwarai, irin sabon buroshin kwalliya da ba a taɓa amfani da shi ba.

Yadda za ka yi da waya biyu da kwali

A manyan ɗakunan adana tarihi ana amfani da sikana ta musamman mai haska fim ta baya. Mu ba mu da ita, amma muna da abin da zai fitar da fuska a gane ta. Ga abin da ake buƙata: waya biyu, ƙaramin kwali irin na sabulu ko na shayi, reza, littattafai huɗu ko biyar, da ɗaki mai duhu.

1. Wanke hannu ka bari ya bushe sarai. Fim a gefe-gefe ake riƙe shi, yatsa ba ya taɓa tsakiya, domin maiƙon hannu yana barin tabon da ba ya fita.

2. Waya ta farko ita ce fitila. Buɗe farin shafi wanda babu rubutu a kai, ka ƙure haskenta, ka kwantar da ita a kan tebur.

3. Yanke taga a saman kwalin daidai girman hoto ɗaya, ka buɗe ƙasansa, ka kifa shi a kan wayar. Fim ɗin zai zauna a kan tagar, da tazarar kamar yatsa biyu ko uku daga gilashin waya. Wannan tazara tana da muhimmanci. Idan ka ɗora fim kai tsaye a kan gilashi, ƙananan ɗigogin allon waya za su fito a hoton kamar raga.

4. Fim yana da gefe mai sheƙi da gefe mai dishi-dishi. Mai sheƙin shi zai kalli sama. Idan kana iya karanta lambobin da ke bakin fim daidai, to ka aza shi daidai. In ya lanƙwashe, danne gefunansa da kwabbai ko wani yankin kwali, ban da salatif.

5. Goge idon kyamarar waya ta biyu. Jera littattafai ka ɗora ta a kai ta yadda idonta zai leƙo daidai saman fim, a miƙe ba a karkace ba. Matso da ita iyakar kusancin da take iya gani tangaram. Kashe filasha, kashe fitilar ɗaki, taɓa tsakiyar hoton a allo don ta saita gani, sannan ka sa ta ƙirga daƙiƙa uku kafin ta ɗauka don kada hannu ya girgiza ta. Ɗauki sau uku ka zaɓi mafi kyau.

6. Saura juyawa. A manhajar Snapseed, wadda kyauta ce, akwai sashe mai suna Curves, inda za ka ga layi ya tashi daga kusurwar ƙasa ta hagu zuwa ta sama ta dama. Ja ƙarshen hagu zuwa sama, ka ja na dama zuwa ƙasa. Nan take baƙi zai koma fari. Idan fim mai launin lemo ne, hoton zai fito da shuɗi-shuɗi, sai ka daidaita kalar a hankali har farar riga ta zama fara. In ta ƙi, mayar da shi baƙi da fari, fuska dai za ta fito.

Ga wata 'yar dabara ta leƙe. A saitin yawancin wayoyi, wajen da aka tanada don masu matsalar gani, akwai maɓallin juya kala. Idan ka kunna shi ka buɗe kyamara, za ka ga nagatif a matsayin hoto sosai tun kafin ka ɗauka. Da wannan za ka san wanda ya fi cancanta a fara da shi.

Silaid ya fi sauƙi, hanya ɗaya ce amma babu juyawa. Hoton kati kuwa ba ya buƙatar haske ta baya. Kai shi inuwa da safe, bakin ƙofa ko ƙarƙashin rumfa, ka shimfiɗa shi a kan farar takarda, ka ɗauka ba filasha, ka kula kada inuwarka ta faɗa kai. Ka ɗauki bayansa ma, domin sau da yawa a can ne ake samun tambarin shagon mai hoto ko kwanan wata. Idan kati ya manne da gilashi ko da wani katin, kada ka ɓamɓare, ɗauke shi a haka. In kuma ka sami dama a shagon kwamfuta mai sikana, ka ce a saita ta a kan ɗigo 300 a kowane inci don manyan katuna, 600 don ƙanana irin na fasfo. Nagatif mai milimita 35 yana son ɗigo 2,400 ko fiye, kuma sai sikana mai fitila a murfinta.

Gaskiyar magana, abin da waya za ta ba ka bai kai na sikana ba. Don haka ko ka gama, kada ka yar da fim ɗin. Wata rana za ka sami na'urar da ta fi wannan.

Manhajar da ta share tsagen Gobir

Da na koma makaranta na nuna wa wani abokina hoton, sai ya ce in kawo ya gyara mini da wata manhaja mai ƙirƙirarriyar basira, wadda ke sa wa tsohon hoto kala ta kuma fito da fuska. Cikin minti ɗaya ya dawo mini da wani kyakkyawan mutum mai santsin fuska, sanye da shuɗiyar riga. Na tura gida da murna. Amsar da kakarmu ta bayar ita ce, "Wanga ba shi na ba. Ina tsagenai?"

Na sake dubawa, ashe gaskiyarta. Kakana Bagobiri ne mai tsage a kumatu biyu. Manhajar ta ɗauka karce ne a jikin fim, ta share su tas. Rigar kuma fara ce, ita ta ga dama ta rina ta. Irin waɗannan manhajoji ba su san kakanka ba. Daga miliyoyin fuskokin da aka koya musu suke hasashen yadda ya kamata fuska ta kasance, su cike gurbi da abin da suka ga dama. In kana so ka yi wasa da su, babu laifi, amma ka ajiye na asali daban, kuma kada ka nuna wa na baya gyararren a matsayin gaskiya.

Hoto marar suna maraya ne

Rabin aikin ɗauka ne, ɗaya rabin tambaya ce. Hoton da ba a san wanda ke ciki ba, nan da shekara talatin ba shi da bambanci da hoton baƙo. Ku zauna da tsofaffi tun suna nan. Wane ne wannan? A ina aka ɗauka? Wace shekara, ko a zamanin wa? Idan kaka ta ce ba ta san shekara ba amma lokacin canjin kuɗi ne daga fam zuwa naira, to ka san 1973 ke nan. Idan ta ce zamanin Shagari ne, to tsakanin 1979 da 1983 ne. Ka kunna rikodar waya da izininta, domin labarin da zai biyo baya yakan fi hoton daraja. Ni a dalilin hoto ɗaya na ji cewa a Shinkafi kakana ya sayo wannan keke, kuma mai hoton wani Bayarabe ne da suka sha tsokanar juna, kasancewar Gobirawa da Yarabawa abokan wasa ne.

Ka sa wa kowane hoto suna mai ma'ana a waya: shekara, wuri, da wanda ke ciki. Ka kuma buɗe littafi guda ka rubuta lamba da bayani. A bayan kati fensir ake rubutu da shi a hankali, domin tawadar biro tana ratsawa.

Sai batun izini. Hoton iyali amana ne. Akwai iyaye mata da ba sa son hotonsu na ƙuruciya ya fita, akwai kuma dattawan da ba sa son hoto sam saboda fahimtarsu ta addini. A girmama su. Kada ka ɗora hoton kowa a Facebook ko TikTok sai ka tambaya, kuma a irin halin da yankinmu ke ciki kada ka haɗa hoto da bayanin inda mutum yake zaune yanzu.

Kada a zuba ƙwai a kwando ɗaya

Hoton da ke waya ɗaya tak bai tsira ba. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, memori yana mutuwa ba sallama. Masana adana bayanai suna da ƙa'ida mai sauƙi: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya daga ciki a wani gari daban. Misali, ɗaya a wayarka, ɗaya a memori ko filash da ke adakar kaka, ɗaya a wajen ɗan'uwa a Sakkwato ko Maraɗi ko Kano. Asusun Google yana ba da gigabait 15 kyauta, wanda zai ɗauki hoton waya kusan 4,000 idan wasu abubuwa ba su cika shi ba. Amma kada a dogara da intanet kaɗai. Mu mutanen Sabon Birni da Isa ba mu manta da watan Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a yankinmu saboda tsaro. Wanda duk hotunansa ke sama a lokacin, sai dai ya yi ta kallon waya.

Idan za ka tura ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, domin idan ka tura a matsayin hoto yakan matse shi ya rage masa inganci. Mafi muhimmanci guda biyar ko goma kuwa, a kai a wanko su a kati. Fim ɗin kansa a sa shi a ambulan na takarda, kowane falle daban, ban da robar ɗaure kuɗi, a ajiye a ɗakin da ya fi sanyi, sama da ƙasa, nesa da kwanon rufi.

Me ya sa za mu damu?

Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rasu a 1817. Sai a 1839 aka bayyana fasahar ɗaukar hoto ga duniya a Faransa. Ke nan babu hoton Shehu, babu na Bawa Jan Gwarzo, kuma duk wanda ya turo maka wani a waya ya ce nasu ne, ka gaya masa lissafi bai ba da haka ba. Hotunan farko-farko na ƙasar nan kuwa yawancinsu Turawan mulkin mallaka ne suka ɗauka, suka zaɓi abin da suke son nunawa. Hotunan da ke adakokin iyayenmu su ne waɗanda muka tsaya gaban kyamara da son ranmu, da rigar da muka zaɓa.

Wasu sun riga mu gane darajar wannan. A Bamako ta ƙasar Mali, Seydou Keïta ya buɗe shagon hoto a 1948, yana ɗaukar talakawan gari da kekunansu da rediyonsu, ya kuma adana dubban nagatif ɗinsa. Bayan shekaru da dama aka sake wanko su, yau suna rataye a manyan gidajen tarihi na duniya. Ɗan ƙasarsu Malick Sidibé ya karɓi babbar lambar yabo ta baje kolin fasaha na birnin Benis a Italiya a 2007. Jami'ar Jihar Michigan ta Amurka ta haɗa kai da 'yan Mali sun mayar da nagatif kusan 100,000 cikin kwamfuta. A nan Najeriya, J. D. 'Okhai Ojeikere ya ɗauki hoton salon kitso kusan 1,000 tun daga 1968. Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya ma yana da shiri tun 2004 na tallafa wa ceto takardu da hotunan da ke cikin haɗari a ƙasashe daban-daban. A kusa da mu akwai Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, da Arewa House da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna. Amma babu ma'aikacin da zai zo ya buɗe adakar kakarka. Wannan aikinka ne.

Akwai wani dalilin da ya fi taɓa ni. Yau idan ka rubuta Gatawa a intanet, abin da zai fara fitowa labarin baƙin ciki ne, musamman abin da ya sami Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a watan Agustan 2024, Allah Ya jiƙansa. Tun 2019 dubban mutanenmu suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi. Akwai ƙannenmu da aka haifa a gudun hijira, waɗanda ba su san ƙauyensu ba sai a baki. Ya kamata su ga cewa garuruwan nan sun yi hawan salla, sun yi kokawa bayan girbi, sun yi kasuwa har dare, an kai amare da rana tsaka ba tsoro. Gani ya kori ji.

Amma ku ji da kyau: kada wani ya ce zai koma ƙauyen da aka tashi don ɗauko hoto. Babu hoton da ya kai rai. Ku yi aiki da abin da ke hannu a inda kuke.

Aikin wannan mako

Kowa ya nemi izini a gida ya nemo tsohon hoto ɗaya, kati ko nagatif. Ya ɗauke shi yadda na bayyana, ya zauna da babba ya sami amsa uku: wane ne, a ina, yaushe. Ya rubuta layi biyar a kan abin da ya ji. Wanda iyayensa suka amince, ya aiko mana ta hannun editan wannan shafi, za mu zaɓi uku mu buga. Masu ƙungiyar tarihi ko ta 'yan jarida a makaranta, ku tambayi shugaban makaranta ko akwai tsofaffin hotunan ɗalibai a kabad ɗin ofis.

Ni dai na wanko na kakana a kati biyu. Ɗaya yana wurin babana, ɗaya kakarmu ta karɓa. Na ce in sa mata a firam in rataye, ta ce a'a, bango ya taɓa cin amanarta. A cikin adaka ta sa shi.

Sai mun haɗu mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, inda za mu koma kan batun lambar sirri. A yi karatu da kyau.

Naku, yayanku na jami'a.